Daga Nakiya Zuwa Gato: Tarihin Kayan Zaƙi Na Biki A Arewa

Mai karatu, in an kawo maka faranti a gidan biki, kafin ka kai hannu ka tsaya ka dubi abin da ke ciki. Ga nakiya, ga alkaki, ga cincin, ga kuma yankin gato da aka yi wa ado. Kowane ɗaya da hanyar da ya biyo kafin ya iso Dogon Dutsi, kuma ba lokaci guda suka iso ba.

Ƙasar Arewa ƙasar hatsi ce da wake da gujiya. Kakanninmu ba su san sukarin kanti ba. Zaƙinsu zuma ce, sai takanɗa, sai rake da ake nomawa a fadamun Dallol Mawri, can wajen Tibiri zuwa kudu. Zuma ba kullum ake samunta ba, don haka abin zaƙi ya zama abin ranar girma. Nakiya ta fito daga wannan zamani. A wanke shinkafa, a shanya, a daka, a soya garin sama-sama, sannan a kirɓa shi da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro. Aiki ne na mata da yawa da turmi fiye da ɗaya. Amfaninta kuwa, ba ta lalacewa da wuri. Amarya takan yi watanni tana ɗiba tana ba baƙi.

Alkaki shi baƙo ne, sunansa ma ya tona shi. Daga Larabci aka aro kalmar, kamar yadda aka aro alkama da sukari da alewa. Fatake masu ƙetare Sahara su suka kawo waɗannan abubuwa manyan birane. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana noman alkama, amma cimar Larabawa ce da masu hali. Daga Kano da Katsina da Sakkwato alkaki ya bazu. A ɓarza alkama, a murza ta da mai, a kwaɓa da ɗan tsami, a bari ta kwana, a naɗa, a soya, a tsoma cikin zuma. Uwar da ta sa alkaki a garar ɗiyarta ta nuna wa dangin ango cewa ba daga gidan yunwa yarinyar ta fito ba.

To, sai Nasara suka zo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Lugu, garin Sarauniya. Bayan yarjejeniyar iyaka ta 1904 da ta 1906 tsakanin Faransa da Ingila, Arewa ta tabbata a hannun Faransa, Sakkwato da Argungu suka zauna wancan gefe. Kantunan Turawa suka shigo da sukari mai ƙwaya cikin kwali, irin Saint Louis da ake tacewa a Marsai, da garin fulawa cikin buhu. Abin da a da sai an hau itace an sha harbin ƙudan zuma, yanzu ga shi a tebur ana sayarwa ƙwaya-ƙwaya. Masu alkaki suka koma dafa sukari da tsamiya maimakon zuma. Cincin ya hauro daga kudancin Najeriya, ya sami wurin zama don ba shi da wuyar yi kuma yana cika kwano.

Har bori bai tsira ba. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, wadda ta zauna Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta labarin Mariya, aljanar da ba ta son komai sai sukari da alewa da turare. Ka ga ke nan mutanen garin sun lura tun da wuri cewa zaƙi yana da daɗi, yana kuma cin dukiya.

Gato shi ne auta. A Turai ma bai daɗe ba yadda muka san shi. Wainar auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila, a 1840, ita ta yi wa farin ado na sukari suna. Garin da ke sa ƙulli ya tashi ba tare da yisti ba kuwa, a 1843 wani Bature mai suna Alfred Bird ya haɗa shi. Wurinmu kukun Nasara suka fara koyo, daga nan matan ma'aikata suka ɗauka, har ya fito daga Yamai ya bi babbar hanya zuwa Doso da Dutsi. Matanmu ba su jira tanderun lantarki ba. A zuba rairayi a gindin tukunya, a jera gwangwanin madara ko na sardin da ƙulli a ciki, a rufe, a sa garwashi sama da ƙasa. Adon ne ke ba da wahala. Bota da sukari ba sa jure zafin watan Afrilu, in babu firiji kafin amarya ta fito furen ya narke.

Ga inda maganar take. Gara a da guzuri ce da rabo. Ana kasa ta, a aika wa gwaggo da inna da maƙwabta, kowa ya san an tuna da shi. Gato kuwa dare ɗaya ne, a ɗauki hoto, a yanka, shi ke nan. Ba laifi ba ne, kuma mata da yawa da shi suke biyan kuɗin makarantar yara ba tare da sun bar gida ba. Amma uwar amarya yau ba ta sauke tsohon nauyi ba, sabo aka ɗora mata a kai. Gwamnatin Seyni Kunce ta taɓa ƙayyade sadaki, malaman Izala sun yi ta wa'azi kan ɓarnar biki, garar dai ba ta ragu ba.

Ka kuma lissafa abin da ke cikin gato. In ka cire ƙwai, kusan duk saura daga waje yake zuwa: fulawa, sukari, bota, madarar gari. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, masu toye-toye sun ji a jikinsu. Haka da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, haka da yaƙin Rasha da Yukren ya tada farashin alkama a 2022, haka kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka sake rufe hanya. Nakiya ba ta san wannan ba, muddin akwai shinkafar Gaya da man shanun Fulani. Sai dai masu iya kirɓa ta sun fara tsufa, ƴan mata kuwa sun fi zuwa koyon ado na gato.