Shahadar Matuƙin Jirgin Ruwa da Mas'alar Wanda Ya Jarraba Shi

Mai karatu yana iya mamakin abin da ya sa ɗan Bande, wanda iyakar saninsa da ruwa ita ce Korama da tafkunan damina, ya ɗauki alƙalami a kan sha'anin matuƙan jiragen teku. Uzurina shi ne, shinkafar waje da ake aunawa a kasuwannin Magarya da Dungas, da takin zamanin da masu rake ke nema, ba su hau mota zuwa gare mu ba sai da jirgi ya sauke su a Kwatano ko Lome ko Legas. Kuma tun watan Mayu na 2024, ɗanyen man Agadem, bayan ya bi bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin, jirgi ne ke ɗaukarsa. Ashe dukiyarmu tana hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba, hujjarmu a kan ƙwarewarsu kuwa takarda ce kawai.

Ita wannan takarda, idan aka lura da haƙiƙarta, shahada ce: wani mutum ne ya ce ya ga wane ya iya karanta taswira, ya iya kauce wa karo cikin dare, ya san abin yi idan wuta ta tashi. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da warware mana cewa alƙali ba ya karɓar shahada sai an yi wa mai ita tazkiya, kamar yadda malaman hadisi, a fannin jarhu da ta'adili, ba su wadatu da adalcin mai ruwaya ba sai sun haɗa da kiyayewarsa. Saboda haka duk bahasin da za a yi a kan ingancin jarrabawar matuƙa, muddin ya tsaya a kan ɗalibi da tambayoyin da aka yi masa, ya bar mai jarrabawa a gefe, to, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Hukumar jiragen ruwa ta duniya mai mazauni a Landan ba ta gane wannan da wuri ba. Yarjejeniyar horo da shahadar ma'aikatan jirgi, wadda ake kira STCW, an ƙulla ta a 1978, ta fara aiki a 1984, amma ta bar wa kowace ƙasa ta fassara ƙwarewa yadda ta ga dama, har takardun ƙasashe biyu suka zama suna ɗaya, nauyi daban. Sai a gyaran 1995, wanda aka ƙara wa ƙarfi a Manila a 2010, aka shardanta wa mai jarrabawa abubuwa bayyanannu: ya fahimci fannin da zai auna, ya kasance shi kansa ya cancanta a aikin, ya sami horo a kan hanyoyin aunawa, ya taɓa yin aunawar a aikace, idan kuma da na'urar kwaikwayon tuƙi zai yi, sai ya saba da irinta a ƙarƙashin wanda ya riga shi. Sharuɗɗa ne masu kyau, sai dai dukkansu suna komawa ga ilmi, ba su taɓa adala ba. A shekarar 2001 David Cockroft, babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, mutumin da bai taɓa aikin jirgi ba, ya sayi shahadar mataimakin kyaftin ta ƙasar Panama a kan dala 4,500, domin ya nuna wa duniya inda ɓarakar take. Takardar ba jabu ba ce, hatiminta na gaske ne. Shaidar da ke cikinta ce ta zur.

Ko ba a kai ga ciniki ba, akwai wata kafa. Mai neman zama jami'in tuƙi zai yi aƙalla wata 12 a teku da littafin horo wanda manyansa ke sa wa hannu, aiki bayan aiki. Jami'in da gajiya ta cinye, ga yaro mai ladabi ya miƙo littafi ana gab da isa tasha, yana iya sa hannu a shafi goma alhali bai ga an yi ko uku ba, ba don cin amana ba, don jin kunya.

A nan nake ganin tsangayunmu na Damagaram suna da abin koyarwa. Na taɓa zama kusa da wani alaramma a garinmu yana duba Alƙur'anin da almajirinsa ya rubuta da ka. Takarda ɗaya-ɗaya yake ɗagawa daga kan buzu, yana bin layi da tsinken alƙalami, da ya iske wasali guda ya kauce sai ya ja takardar gefe, bai ɗaga kai ya dubi mai ita ba, ko da yake ɗan ƙaninsa ne. Dalilin wannan tsanani a fili yake: duk inda almajirin ya zauna darasu, za a tambayi a hannun wa ya yi, kuskurensa kuma sunan malamin zai bi. Mai ba da ijaza yana cikin ijazarsa har abada. Shahadar zamani kuwa sunan hukuma take ɗauka, mai jarrabawa ya ɓuya a bayan hatimi, idan jirgi ya kife ba wanda zai nemi sanin wa ya ce matuƙin ya iya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, yarjejeniyar nan ta jiragen teku ce, ta ma fitar da jiragen katako na gargajiya daga hukuncinta, alhali su ne ke ɗaukar mutanenmu. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani jirgi da aka cika fiye da kima ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai ta jihar Kano, aka tabbatar da rasuwar mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Bayan rufe gadar Gaya a 2023 kuma, kwale-kwale ne ya riƙa tsallakar da jama'a zuwa Malambil ta ƙasar Benin.

Ina roƙon hukumomin sufuri na Nijar da na Najeriya, duk ranar da za su ba matuƙan kwale-kwale takarda, su yi jarrabawar a kan ruwa, da kaya a ciki, a gaban Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgin wurin tare da jami'in gwamnati, sa'an nan a rubuta sunayen su biyun a jikin takardar.