Taku Uku da Ya Gagari Gwanaye: Tarihin Gajeren Bugu a Wasan Golf

A watan Yulin 1970, a filin St Andrews na ƙasar Sikotland, Doug Sanders ɗan Amurka ya iso rami na 18 kofin gasar Open na dab da shiga hannunsa. Tsakanin ƙwallonsa da ramin bai kai mita guda ba. Har ya gyara tsayuwa, sai ya sunkuya ya tsince wani ɗan abu a kan hanya, ya ɗago ya buga ba tare da ya ja baya ya sake shiri ba. Ƙwallon ta zame ta dama da ramin. Washegari Jack Nicklaus ya doke shi da bugu ɗaya tak a wasan raba gardama, kuma har Sanders ya rasu a 2020 bai ci ko ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu ba.

Faɗin ramin inci huɗu da kwata ne tun da hukumar R&A ta tsayar da shi a 1891. Ƙarfi ba ya aiki a gajeren bugu. Abin da ake bukata shi ne fuskar sanda ta dubi rami daidai, wuyan hannu ya tsaya cak, kafaɗu su yi lilon. To amma akwai wata makyarkyata da 'yan wasa ke kira yips, wadda ke fizgar hannu daidai lokacin bugu, kuma gwanayen da suka daɗe a fage ta fi kamawa.

Masu neman magani sun bi hanya biyu. Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norwe, ya fara ƙera sanduna a garejinsa a Kalifoniya a 1959. Dabararsa ita ce raba nauyin kan sanda zuwa gefe biyu, ta yadda ko ba a sami ƙwallo a tsakiya ba, kan ba zai murɗe sosai ba. Sandarsa ta Ping Anser ta 1966 har yau ana kwaikwayonta.

Hanya ta biyu, sauya tsayuwa da riƙo, ita ce ta jawo rigima. Sam Snead ya koma tsayawa ƙwallo a tsakanin ƙafafunsa yana fuskantar rami. Aka haramta a 1968, sai ya haɗe ƙafafun ya riƙa bugawa daga gefensa. Daga baya aka shiga jingina doguwar sanda a ciki ko a ƙirji. Keegan Bradley ya ci gasar PGA da ita a 2011, Webb Simpson da Ernie Els suka biyo a 2012, Adam Scott ya ɗauki Masters a 2013. Nan ma hukumomi suka hana jinginawa daga 1 ga Janairun 2016. A ganina sun yi daidai, domin riƙe hannu a cikin fargaba shi ne jarrabawar, sai dai sun makara ƙwarai, sun bari wasu sun gina sana'arsu a kan abin kafin a janye musu tabarma.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shan gwagwarmaya da ciwon yips shi ne Bernhard Langer na Jamus. Ya sha kamuwa yana sauya riƙo, har ya kai ga damƙe sanda a jikin damtsensa na hagu da hannun dama. A gasar Ryder ta 1991, a karawarsa da Hale Irwin, ya ɓarar da bugu na kusan mita biyu, kofi ya tafi Amurka. Mako guda bayan haka ya ci gasa a gida Jamus, ya sake cin Masters a 1993. Daga baya ya koma doguwar sanda, da aka hana jingina kuma ya ɗan janye ta daga ƙirjinsa ya ci gaba. A 2023, yana da shekara 65, ya ci gasarsa ta 46 a rukunin dattawa, ya shafe tarihin 45 da Irwin ya kafa.