Masara, Auduga da Cutar Felagira

A 1735 wani likita mai suna Gaspar Casal, wanda ke aiki a birnin Obiyedo na arewacin ƙasar Sifen, ya rubuta bayanin wata cuta da ta addabi talakawan ƙauyuka. Fatar mutum ta kan yi ja ta yi kaushi a bayan hannu da bayan ƙafa da kewayen wuya, watau duk inda rana ke taɓawa. Sai gudawa ta biyo baya, daga nan hankali ya gushe, ƙarshe kuwa mutuwa. Casal ya lura da cewa masu wannan ciwo kusan dukkansu masara ce cimarsu safe da yamma, nama sai dai su gani a hannun wasu. A 1771 wani likitan birnin Milan, Francesco Frapolli, ya buga sunan da talakawan Italiya ke kiranta da shi, felagira, ma'ana fata mai kaushi.

Abin mamaki shi ne, a ƙasar Meziko inda aka fara noman masara kimanin shekara 9,000 da suka wuce, mutane sun rayu a kanta ba tare da wannan annoba ba. Asirin yana hannun matansu. Kafin su niƙa, sai su dafa tsabar cikin ruwan toka ko na ƙonanniyar farar ƙasa, su bar ta ta kwana, su wanke. A yau an san dalili. Akwai bitamin da ake kira niyasin a cikin masara, amma a ɗaure yake yadda hanji ba ya iya tsotsarsa, ruwan toka ne ke kwance shi. Turawan da suka bi sawun Kolombos bayan 1492 sun ɗauko irin masara zuwa Turai, suka baro dabarar girkinta a can. Mai yiwuwa sun ɗauka aikin banza ne na mutanen da suka raina.

Masara tana ba da yabanya fiye da alkama, saboda haka a arewacin Italiya mai ƙasa ya kan kwashe alkama ya kai kasuwa, manomi kuma ya ci tuwon masara da ake kira folenta. A ƙidayar 1881 an sami masu cutar sama da 100,000 a ƙasar. Masana suka yi ta jayayya. Cesare Lombroso ya dage a kan cewa guba ce daga ruɓaɓɓiyar masara, wani kuma, Louis Sambon, ya ɗora laifin a kan cizon wani ƙaramin ƙuda.

Inda labarin ya fi ban darasi shi ne jihohin kudancin Amurka. Bayan ƙare bauta a 1865, yawancin talakawa, baƙaƙe da farare, ba su da gonar kansu. Mai ƙasa ya ba ka fili, ya ba ka bashin abinci daga kantinsa, in kaka ta yi a raba audugar, ya cire bashinsa daga rabonka. Tun da auduga ce kaɗai ke biyan bashi, sai aka riƙa shuka ta har bakin ƙofar ɗaki, ba wurin lambu, ba makiyayar saniya. Abincin da ake karɓa a kanti iri 3 ne: garin masara, da kitsen alade, da ruwan rake da aka dafa ya yi kauri. Bugu da ƙari, a farkon ƙarni na 20 aka fito da injin niƙa mai cire ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi, don gari ya daɗe bai lalace ba a cikin jirgin ƙasa. Garin ya yi fari ya yi kyau a ido, amma an rage masa albarka. An ƙiyasta cewa tsakanin 1906 da 1940 mutum wajen miliyan 3 suka kamu, kimanin 100,000 suka mutu.

A 1914 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta ɗora wa Dokta Joseph Goldberger binciken al'amarin. Ɗan baƙi ne, an haife shi a ƙasar Hangari a 1874, ya girma a Niyu Yok. Yawancin likitoci a lokacin sun gaskata cewa cutar yaɗuwa take yi daga mutum zuwa mutum. Da ya zaga gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali, sai ya yi wata tambaya da ta kamata a ce an yi tun tuni: in ana ɗaukarta ne, me ya sa ma'aikatan jiyya da ke wuni da majiyyata ba su kamuwa? Amsar tana cikin akushi, domin ma'aikata su ke fara ɗiba, kuma suna da kuɗin sayen abin marmari a waje. Ya sa aka ƙara madara da ƙwai da nama da wake cikin abincin gidajen marayu 2 a garin Jakson na jihar Misisifi, cutar ta kusan ɓacewa ƙaƙaf.

Aka ce ba a yarda ba. A 1915 ya sami fursunoni masu ƙoshin lafiya a gonar kurkuku ta Rankin, waɗanda Gwamna Earl Brewer ya yi wa alkawarin afuwa, aka tsare su a kan abincin masara. Cikin mutum 11 da suka kai ƙarshen gwajin, 6 suka fito da alamun cutar a cikin watanni kaɗan. Ba za a yarda da irin wannan gwaji a yau ba, don kuwa wanda ke ɗaure bai da cikakken ikon cewa a'a. Amma Goldberger bai keɓe kansa ba. A 1916 shi da abokan aikinsa suka yi wa juna allurar jinin majiyyata, suka haɗiyi ɓawon fatarsu da fitsarinsu da bayan gidansu a dunƙule cikin gari. Matarsa Mary ma an yi mata allurar. Su 16 ne, ba wanda ya kamu.

Aikinsa mafi nauyi, a ganina, ba wannan ba ne. Shi ne wanda ya yi tare da masanin tattalin arziki Edgar Sydenstricker a ƙauyuka 7 na ma'aikatan masaƙa a Karolina ta Kudu, tun daga 1916. Gida gida suka bi suna rubuta abin da ke shigowa da abin da ake ci. Suka ga cutar na raguwa gwargwadon ƙaruwar samu, kuma ƙauyen da manoman kewayensa ke kawo madara da kayan lambu ya fi sauƙi bisa wanda auduga ta kewaye, ko da albashinsu ɗaya. Da farashin auduga ya faɗi, Goldberger ya yi gargaɗi a 1921 cewa annoba na tafe, Shugaba Warren Harding ya nemi a kai agaji, sai manyan Kudu suka fusata, wai an ci mutuncinsu da zancen yunwa a ƙasarsu. Suka ƙi taimakon.

Wani ƙwaro ya yi abin da lallashi ya kasa. Ƙwaron da ke huda ƙwallon auduga ya shigo daga Meziko wajen 1892, ya yi ta cin gonaki yana nausawa gabas. Inda ya yi ɓarna, tilas manoma suka koma ga gyaɗa da dankali da kiwo, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna mace-macen felagira sun ragu a irin waɗannan gundumomi. Mutanen garin Entafarayis a Alabama, da gyaɗa ta azurta su, har gunki suka kafa wa ƙwaron a tsakiyar gari a 1919.

Goldberger ya gano cewa busasshen yis magani ne mai arha, aka kuwa raba shi bayan ambaliyar kogin Misisifi ta 1927. Ya rasu a 1929 bai san sunan abin da ke cikin yis ɗin ba. Sai a 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wiskonsin ya nuna cewa niyasin ne, ta hanyar warkar da karnuka masu irin ciwon. A shekarun Yaƙin Duniya na 2 aka shiga zuba shi cikin garin burodi da na masara, albashi ya ƙaru, cutar ta kau daga Amurka.

Mu ma masara ta shige wa gero da dawa gaba a gidaje da yawa, ko a ƙasar Hausa ko a zango. Abin da ke kare mai cin tuwonta shi ne abin da ke cikin miya da gefen kwano: gyaɗa, wadda ke da niyasin mai yawa, da wake da kifi da nama da nono. An ga abin da ke faruwa in aka cire su. A 1990 'yan gudun hijirar yaƙin Mozambik da ke zaune a kudancin Malawi sun dogara ga rabon abinci na agaji, wanda mafi yawansa garin masara ne. Gyaɗar da ake haɗa musu da ita ta yanke na wasu watanni, kuma kafin shekarar ta ƙare an ƙidaya masu felagira kusan 18,000 a cikinsu, mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba.