Dodon Bango: Tarihin Sha'awar Finafinan Ban Tsoro a Birnin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin abin da ya sa samarin cikin birnin Kano suka riƙa biyan kuɗinsu domin a tsorata su. Mun ɗauki Yakasai a matsayin misali, saboda tsohuwar unguwa ce ta cikin ganuwa, kusa da Gidan Sarki, inda tarbiyyar malamai da idon dattawa suke da ƙarfi. Ra'ayinmu shi ne, silima ba ita ta haifi wannan sha'awa ba. Ta tarar da ita ne a gida, sai ta yi mata sabuwar riga.

Tsoro Kafin Zuwan Silima

Tun kafin Bature ya zo da majigi, Bahaushe yana da dandalin jin tsoro, watau tatsuniya. Da dare ake yin ta, a ɗakin tsohuwa, kuma Dodo mai cin mutane yana cikin manyan taurarinta. Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 zai ga yanka da haɗiye mutane ba baƙi ba ne a cikinsu. Haka kuma hirar mayu da fatalwa da aljanun kuka da tsamiya ba ta yankewa a zaure. Abin lura a nan shi ne, tsoron tatsuniya yana da iyaka. Da an ce ƙurunƙus, Dodo ya koma inda ya fito, yaro ya kwanta yana jin ya tsallake wani haɗari ba tare da ko ƙwarzane ba.

Gidan Silima a Matsayin Abin Tsoro

Da hoto mai motsi ya iso, ɗaya daga cikin sunayen da jama'a suka laƙaba masa shi ne dodon bango. A 1937 aka buɗe silimar Rex a wajen ganuwa. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutanen gari da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin fushin Allah. Duk da haka, a 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, malamai suna suka. Daga nan silima ta zama tafiyar ƙafa ga yaron Yakasai.

Saboda haka tsoron ɗan kallo ya zama riɓi biyu. Akwai na abin da zai gani a bango, akwai na kada wani dattijon unguwa ya gan shi a layin tikiti. Bayan an tashi kuma sai ya ratso lunguna cikin duhu. Wanda ya jure wannan duka, gobe shi ke da bakin ba da labari a dandali. Ashe kallon ya zama wani gwajin jarunta, ɗan'uwan shaɗi da dambe, inda ake auna namiji da rashin gezau.

Finafinan da Kansu

'Yan kasuwa Kwarori, masu yawancin gidajen silima, sun gane tun da wuri cewa finafinan Indiya sun fi shiga ran Hausawa. A cikinsu akwai irin su Nagin na 1976, labarin macijiyar da take rikiɗa mace domin ɗaukar fansar mijinta. Bahaushe bai bukaci tafinta ba a nan, domin rikiɗa da ramuwar aljanu abubuwa ne da ya sani. A Indiya ɗin ma, 'yan gidan Ramsay sun shahara da finafinan araha, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, waɗanda suke cin kasuwa da jini da kabari da nuna jikin mata. A Amurka an yi The Exorcist a 1973, labarin yarinyar da shaiɗani ya shiga jikinta. Abin da ya girgiza Turawa a wannan fim, a ƙasar da aka san bori da ruƙiyya ba sabon labari ba ne.

Da bidiyo ya yaɗu a shekarun 1980, dodon ya bar bango ya shigo ɗaki. Matan aure da yara, waɗanda al'ada ta hana su silima, suka sami rabonsu. A nan ne iyakar da muka ambata ta fara rushewa, domin kaset ba ya tambayar shekarun mai kallo, ba kuma tsohuwar da za ta sassauta labari in ta ga yaro ya firgita. Wannan damuwa tana cikin abubuwan da suka share fagen kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000.

Kammalawa

Yau yawancin gidajen silimar nan sun rufe, amma sha'awar tana nan, ta koma cikin wayar hannu. Muna ganin kuskure ne a ɗauke ta kacokan a ce baƙuwar cuta ce, domin mai neman magani in ya ɓata asalin ciwo, wahala kawai zai sha. Abin da al'umma ta rasa shi ne tsarin da ya kewaye tsoron a dā: lokacinsa, da wurinsa, da babban da yake zaune kusa. Muna kira ga manazarta da su hanzarta ɗaukar bayanan dattawan Yakasai da makwabtanta waɗanda suka yi zamanin Palace, tun suna raye, domin wannan babi na tarihin birni a bakinsu yake.