Bin Salsalar Sunan Lincoln a Cikin Kundayen Gundumomin Amurka

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda masana tarihi suke bin sawun sunan gida guda ta cikin tsofaffin kundayen hukuma, har su kai ga asalinsa. Don kada maganar ta tsaya a kan ƙa'idoji kurum, na zaɓi misali ɗaya wanda aka daɗe ana bincikensa, watau zuriyar Abraham Lincoln, shugaban Amurka na 16, wanda aka haifa a 1809 aka kashe a 1865.

Da farko ya kamata in bayyana abu biyu. Na ɗaya, a al'adar Ingila akwai sunan gida wanda ɗa yake gada daga uba ba tare da ya sake ba, alhali mu a nan yawanci mutum yakan jingina sunansa ga na mahaifinsa ko na garinsu, jikansa kuma ya ɗauki wani dabam. Na biyu, yawancin ƙasashen da Ingila ta kafa a Amurka an rarraba su gunduma-gunduma, kowace da kotunta da magatakardanta. A hannun wannan magatakarda ake ajiye takardun cinikin gona, da wasiyya, da lissafin gado, da jerin masu biyan haraji, da shaidar aure. Ba don adana nasaba aka rubuta su ba, don tsare dukiya da raba gardama aka yi su. Mai neman salsala yana cin moriyar abin da aka tanada don wata bukata ne.

Abin da Lincoln ya sani

A watan Disamba na 1859, sa'ad da ake shirin tsayar da shi takara, Lincoln ya rubuta wa wani abokinsa, Jesse Fell, taƙaitaccen tarihin rayuwarsa. A ciki ya ce kakansa ya tashi daga gundumar Rockingham ta Virginia zuwa Kentucky, can aka kashe shi yana sharar daji don yin gona, kuma kakannin wannan kaka daga gundumar Berks ta Pennsylvania suka fito, mabiya ɗariƙar Kirista ta Kwaka ne. Iyakar saninsa ke nan. Ya kuma ambata cewa an yi ƙoƙarin danganta su da gidan Lincoln na Massachusetts, amma abin da aka samu bai wuce kamannin sunaye ba, irin su Mordecai da Solomon da Abraham, waɗanda suke yawo a gidajen biyu. Tun a 1848 ya yi musayar wasiƙu da wani masanin tarihin garin Hingham na Massachusetts, mai suna Solomon Lincoln, a kan wannan batu.

A lura da wannan tsantseni. Ɗan talaka da yake neman mulki yana da riba in ya jingina kansa ga tsohon gida mai suna. Amma shi lauya ne, ya san cewa kama da wane ba wane ba ne. Bincike daga baya ya nuna cewa dangantakar gaskiya ce, sai dai hujjar da ta tabbatar da ita ba ta hannunsa a lokacin, saboda haka ƙin amincewarsa daidai ne.

Haɗarin dogara da suna

Kundayen garin Hingham kansu sun isa su nuna dalilin wannan tsantseni. A shekarun 1630 mutum huɗu suka zauna a wannan ƙaramin gari, kowannensu sunansa Thomas Lincoln. Don a rarrabe su sai aka liƙa wa kowa sana'arsa: ga masaƙi, ga mai niƙa, ga mai haɗa gangunan katako, ga manomi. Wanda ya ga sunan a takarda ɗaya ya yi saurin cewa ya sami kakansa, yana iya ɗaukar zuriyar mai niƙa ya ɗora wa masaƙi.

Haɗari na biyu shi ne rubutun sunan. Magatakardan gunduma yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, mutane da yawa kuwa ba su iya duba abin da ya rubuta ba. A waɗansu takardun filaye na Kentucky an rubuta sunan kakan shugaban Linkhorn. Mai bincike da ya tsaya kan harafi sai ya wuce takardar bai san ya wuce kakan da yake nema ba.

Sarƙar da wasiyya da gona suka ƙulla

To, in suna bai isa ba, me ya isa? Abin da ya isa shi ne takardar da ta ambaci mutum biyu tare ta kuma faɗi abin da yake tsakaninsu, ko wadda ta ambaci mutum a sabon mazauninsa tana danganta shi da dukiyar da ya bari a tsoho. Da irin waɗannan aka ƙulla sarƙar.

Samuel Lincoln, ƙanen Thomas masaƙi, ya bar Ingila a 1637 yana yaron wani masaƙi na birnin Norwich mai suna Francis Lawes. Ya zauna a Hingham har ya rasu a 1690. Ɗansa Mordecai maƙeri ne, ya kafa masana'antar ƙarfe, ya rasu a 1727, wasiyyarsa kuma ta ambaci ɗansa mai suna Mordecai. Wannan Mordecai na biyu ya riga ya yi ƙaura zuwa gundumar Monmouth ta New Jersey, ya auri Hannah Saltar, daga baya ya wuce Pennsylvania, inda ya rasu a 1736. A wasiyyarsa ya bar wa babban ɗansa John fili a New Jersey, takardar da John ya sayar da filin da ita kuwa ta nuna shi ɗa ne kuma magaji. John ya koma Virginia a 1768, ya sayi eka 600 a bakin rafin Linville. Ɗansa Abraham shi ne kakan da ya tafi Kentucky, shi ya haifi Thomas, Thomas ya haifi shugaban. Daga Samuel zuwa shugaban mutum bakwai ke nan, a cikin shekara 172 tsakanin saukar na farko da haihuwar na ƙarshe.

Daga baya aka ƙetare teku. Tun 1538 aka umarci majami'un Ingila su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. A kundin majami'ar tsohon garin Hingham na gundumar Norfolk, wanda na Amurka ya ci sunansa, an sami baftismar Samuel ɗan Edward Lincoln a 1622. A 1909 masu bincike biyu, Lea da Hutchinson, suka buga littafi a kan asalin gidan, suka fito da takardun wata shari'ar gado da ta nuna cewa mahaifin Edward, watau Richard, ya fifita 'ya'yan amaryarsa ya hana Edward yawancin dukiyarsa. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da ya sa 'ya'yan Edward suka nemi arziki a ƙetare.

Gunduma ma tana ƙaura

Akwai wata matsala da takan ruɗa sabon mai bincike, ita ce iyakokin gundumomi ba su tsaya wuri guda ba. Da jama'a sun yi yawa sai a yanki sabuwar gunduma daga tsohuwa, amma tsofaffin takardu su zauna a tsohuwar kotu. Gidan Mordecai na biyu yana cikin Berks a yau, amma ba a kafa Berks ba sai 1752, shekara 16 bayan rasuwarsa, don haka a kundayen Philadelphia ake neman wasiyyarsa. Gonar John tana cikin Augusta sa'ad da ya saye ta, sai a 1778 aka yanki Rockingham. Kentucky kanta yanki ce ta Virginia har 1792. Gonar da aka haifi shugaban tana cikin Hardin a 1809, ta koma cikin LaRue a 1843. Mutum yana iya zama a ɗaki ɗaya duk rayuwarsa, takardunsa su watsu a kotuna uku.

Wannan ruɗani ya taɓa mutuncin gidan. Da aka nemi shaidar auren Thomas Lincoln da Nancy Hanks a gundumar Hardin ba a samu ba, sai jita-jita ta bazu cewa ba su yi aure ba, watau shugaban ba ɗan halal ba ne. Har ya mutu ba a fito da takardar da za ta kashe maganar ba. Sai a 1878 aka gano ta a kotun gundumar Washington ta Kentucky: takardar lamuni ta ranar 10 ga Yuni 1806, wadda Thomas da wani Richard Berry suka sa wa hannu cewa babu abin da ya hana auren, tare da shaidar limamin coci Jesse Head cewa ya ɗaura shi ranar 12 ga wata. Shekara 72 takardar tana ajiye lafiya, masu nema ne suka nufi ƙofar da ba ita ba. Rashin samun takarda a wuri guda bai zama hujjar cewa abu bai faru ba.

Wani lokaci kuma takardun sukan salwanta da gaske. A watan Yuni na 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka loda kundayen Rockingham a keken doki don a tsere da su, sojojin tarayya suka cim musu suka cinna wuta, aka ceci waɗansu a ƙone. Sojojin jika ne suka ƙona kundayen gundumar kakansa.

Tsakanin labarin baka da takarda

In aka auna abin da Lincoln ya ji daga bakin manya da abin da kundaye suka nuna, za a ga kowanne yana da ƙarfinsa. Labarin baka ya riƙe hanyar ƙaura daidai, daga Berks zuwa Rockingham zuwa Kentucky, ya kuma riƙe yadda ɗaya daga cikin mutanen ƙasar na asali ya harbe kakan a gona. Amma ya zame a kan shekara: Lincoln ya ɗauka wajen 1784 ne, masana kuwa, bisa takardu, sun tsaya a kan 1786. Batun ɗariƙar Kwaka ma bai tabbata yadda ya zata ba. Abin da aka gani shi ne maƙwabtaka da auratayya da gidajen Kwaka, irin gidan Boone.

Takardu kuma suna da nasu makanta. Tun da dukiya suke bi, wanda ba shi da ita yakan ɓace. Ƙidayar jama'a ta farko, ta 1790, sunan maigida kurum ta rubuta, sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa a gida, har da mata da yara. Shi ya sa aka bi gidan Lincoln har Ingila, amma aka yi fiye da ƙarni ana gardama a kan iyayen Nancy Hanks. Bayi kuwa, a ƙidayar 1850 da ta 1860, shekarunsu da jinsinsu da launinsu aka rubuta a ƙarƙashin sunan ubangijinsu. Sai a 1870 yawancinsu suka fara bayyana da sunayensu.

Kammalawa

Abin da nake so ɗalibanmu su riƙe daga wannan misali shi ne tsarin aikin. A fara daga mutumin da aka tabbatar, a koma baya mataki-mataki, kada a tsallake uba ko ɗaya. A tambayi kowace takarda wa ya rubuta ta, don me, kuma wace hukuma ce take riƙe da wurin a shekarar. A saurari labarin baka don ya nuna inda za a duba, sa'an nan a auna shi da abin da aka samu. A tuna da waɗanda kundi bai rubuta ba. Inda kuwa hujja ta ƙare, a tsaya nan a faɗi haka, kamar yadda Lincoln ya tsaya a gundumar Berks a 1859.