Daga Gindin Bishiya zuwa Na'ura: Tarihin Abokin Karawa a Wasan Dara

A ƙasar Magariya da Dungas, daga Waca zuwa Bande, daga Guci zuwa Dogo-Dogo, idan rani ya yi, amfanin gona ya shiga rumbu, akan ga dattawa sun yi da'ira a inuwa suna haƙa gurabe a cikin rairayi. Layi 5 ne mai gurbi 6, jimilla 30. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12: wannan tsinkayen kara, wancan tsakuwa. Da farko a dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga gusa su gida-gida. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa, har a rage wa mutum ƴaƴan da ba za su iya jeruwa ba. Wannan ita ce dara, wadda Zabarmawa ke kira dili.

Dara ba ta da makaranta. Yaro yakan fara da kallo, ya koma ɗan aiken tsinto tsakuwa, kafin wata rana a ce masa ya zauna. Malaminsa shi ne wanda ke cinye shi, ƴan kallo kuwa su ne masu gyara, da tsokana da dariya. Har karin magana ta ɗauka daga nan, inda ake cewa dara ta ci gida idan dabarar mutum ta juyo kansa. Sai dai wannan hanya tana buƙatar gwani mai lokaci da haƙuri, kuma cin rani yana kwashe samari daidai lokacin da ake zaman dara.

A wasu ƙasashe, tun tsakiyar ƙarni na 20 masana suka fara neman abokin karawa da ba ya gajiya. A shekarun 1950 Arthur Samuel na kamfanin IBM a Amurka ya tsara wa kwamfuta wasan dam, ya bar ta tana karawa da kanta tana koyo daga kurakuranta. A watan Mayu na 1997 na'urar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a darar Turawa da ake kira ces. A 2002 John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amstadam suka lissafe wasan awale na Afirka ta Yamma, mai gurabe 12, yanayi sama da biliyan 889, suka tabbatar cewa idan babu mai kuskure kunnen doki ake yi. A 2016 kuma AlphaGo ta ci Lee Sedol 4 da 1 a wasan go.

Da fari an ɗauka nasarar na'ura mutuwar wasa ce. Ba haka ta kasance ba. Ƴan wasan ces suka mai da ita abokiyar atisaye: a rage mata ƙarfi daidai na mai koyo, ta bari a janye kuskure a sake, ta nuna inda wasa ya ɓaci. Ba ta fushi, ba ta gori, kuma tana nan ko da tsakar dare. Da wayar salula ta yaɗu, abin da ya taɓa buƙatar ɗaki guda ya shiga aljihu. Daga 2018 zuwa 2023 wani shiri na Jami'ar Maastricht, ƙarƙashin Cameron Browne, ya zuba wasannin gargajiya kimanin 1000 a tsarin Ludii, har da na jera uku na Afirka, domin a kara da na'ura.

A nan ne gizo ke saƙa. Na'ura ba ta san wata doka ba sai wadda aka rubuta mata, dara kuwa dokarta a baki take, kuma ta bambanta daga gari zuwa gari: yawan gurabe, hukuncin jera huɗu, da ko an yarda a cire ɗan da ke cikin jeri. Yaron da ya goge a waya zai iso dandali da dokar wata ƙasa, ya ɗauka ita ce asali. Idan aka yi sakaci, abin da wani baƙo ya rubuta a littafi zai shafe abin da dattijon Malawa ya gada.

Saboda haka aikin yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu: su zauna da gwanaye tun suna raye, su rubuta dokokin kowane gari da kalmomin wasan da Hausa, su kuma haɗa ɗalibai da dattawa a fili guda. Na'ura tana iya wasa wuƙar mai koyo, amma ladabin zama gaban babba, da haɗiye kaye a bainar jama'a, a gindin bishiya ake samun su.