Noman Itacen Ud a Matsayin Jari: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Asara?

A shagunan turare na Dubai da Riyad da Makka, itacen ud mai daraja ba a sayar da shi da tsibi. Giram-giram ake auna shi, man da aka tatsa daga cikinsa kuma a tola, wato giram 11 da 'yan kai. Alhazan ƙasar Hausa sun san shi, domin yana cikin tsarabar da ake ji da ita, masu haɗa turaren wuta a Kano da Maiduguri ma sun san bambancinsa da sauran itatuwa. Darajarsa tsohuwa ce. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana turara jikinsa da shi, yana mai danganta hakan ga aikin Manzon Allah (SAW). A Japan kuwa, wani gungumensa mai suna Ranjatai na ajiye a taskar Shosoin da ke Nara, kuma a 1574 shugaban yaƙi Oda Nobunaga ya yanki ɗan guntu daga jikinsa don nuna isa.

Wannan tsada ce ta haifar da wata sabuwar sana'a a shekaru talatin da suka wuce: kamfanoni suna sayar wa mutanen birni bishiyoyin ud a gonakin Tailan da Malesiya da Siri Lanka, da alƙawarin cewa bayan shekara bakwai zuwa goma kuɗinsu zai dawo ninki-ba-ninki. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne cewa ribar ud gaskiya ce, amma tana tsayawa a hannun wanda ya mallaki ƙasa, ya iya sarrafa itacen, yake kuma kusa da mai saye. Wanda ya aika kuɗi daga nesa ya karɓi takarda, kasonsa mafi girma shi ne haɗari.

Bishiya lafiyayya ba ta da ƙamshi

Ud na fitowa daga bishiyoyin dangin Aquilaria da Gyrinops, waɗanda ke tsirowa daga arewa maso gabashin Indiya har zuwa tsibirin Niyu Gini. Itacensu fari ne, mara nauyi, mara ƙamshi, kuma ko a matsayin katako ba shi da wata daraja. Sai bishiyar ta ji rauni, ko ta hanyar tsutsa mai huda gangar jiki, ko tsawa, ko karyewar reshe, fumfuna ta shiga wurin, sannan take fitar da wani baƙin danƙo don kare kanta. Ɓangaren itacen da wannan danƙo ya jiƙa shi ne ud. Gwargwadon daɗewarsa gwargwadon duhunsa da nauyinsa, har mafi kyawunsa yakan nutse idan aka jefa shi a ruwa. A daji, ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kusan bishiya ɗaya cikin goma ce ke yin sa.

Manomin ƙaro a Yobe ko Jigawa zai gane rabin wannan labari, domin ita ma dakwara sai an ɓare mata baya take zubar da ƙaro. Amma dakwara tana bayarwa kowace shekara tana nan tsaye. Bishiyar ud galibi sai an sare ta, an fasa, an zauna da ƙananan wuƙaƙe ana sassaƙe farin itace daga jikin baƙin, kafin a san abin da ke ciki. Girbin sau ɗaya ne, kuma babu mai iya faɗin yawansa ko matakin darajarsa kafin ranar.

Saboda ba a iya ganewa daga waje, masu neman ud sun sare bishiyoyi bila adadin a banza. A 1995 aka sanya Aquilaria malaccensis a jadawali na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, a taron Bankok na 2004 kuma aka haɗa dukkan dangin biyu. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa Aquilaria malaccensis a sahun masu gab da ɓacewa a daji. Don haka shuka shi a gona aiki ne mai kyau, kuma dole. Tambayar ita ce ko kowane aiki mai kyau ne ke zama jari mai kyau.

Inda aka ci riba

Misali mafi ƙarfi yana jihar Asam ta Indiya. A gundumomin Golaghat da Jorhat da Sibsagar, iyalai na shuka bishiyar a bayan gida, cikin lambun goro irin nasu da ayaba da ganyen shayi. Yankin yana da wata tsutsa mai huda itace, Zeuzera conferta, wadda ke yi wa manomi aikin raunata bishiya kyauta. Garin Hojai kuma cike yake da masu sassaƙa da masu tatsar mai. Daga wannan yanki Haji Ajmal Ali ya fara fataucin ud a farkon shekarun 1950, ya koma Bombai, iyalinsa suka buɗe shago a Dubai a 1976, kamfanin Ajmal ya zama ɗaya daga manyan sunayen turare a ƙasashen Larabawa.

A Sujanagar da ke gundumar Maulbibazar ta Bangaladesh, manoma na kafa wa bishiya ƙusoshi jere-jere daga gindi zuwa sama, su bar ta wasu shekaru kafin sara. Dabara ce mai araha, kuma tukwanen tatsar mai na nan cikin ƙauyukan.

Abubuwa huɗu suka haɗa waɗannan wurare. Manomi bai sayi ƙasar don ud ba, gadonsa ce. Ba da bishiyar yake ciyar da gida ba, don haka idan farashi bai yi masa ba zai iya barin ta ta ƙara shekaru, alhali tana ƙara kyau. Ƙwarewar sassaƙa da tantance mataki tana hannun maƙwabtansa. Dillalai kuma da yawa ne, suna zuwa har ƙofar gida suna taya bishiya a tsaye. A irin wannan yanayi ud ajiya ce, ana sare bishiya biyu ko uku idan aurar da 'ya ko ginin ɗaki ya taso. Gwamnatoci sun lura da hakan: Asam ta fitar da manufar bunƙasa noman ud a 2020, jihar Tirifura ta bi sahu a 2021. A 2024 kuma aka ɗaga adadin da Indiya za ta iya fitarwa zuwa kilo 151,080 na gutsattsarin itace da garinsa, da kilo 7,050 na mai a shekara.

Inda lissafi ke karkacewa

Takardun tallan kamfanonin jari sukan ɗauko farashin ud na daji, wanda ya yi shekaru gommai yana nuna a cikin bishiya, su ninka shi da yawan bishiyoyin gona. Nan ne tushen ruɗin. Abin da ake samu daga bishiya 'yar shekara takwas da aka yi wa allurar tilasta danƙo shekara biyu da suka wuce wata haja ce dabam. Danƙonta siriri ne, mafi yawan itacen kuma na tukunya ne, wato a niƙa, a jiƙa, a dafa kwanaki don a sami ɗan mai. Man da ake samu kan gaza kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin itacen, sannan a cire kuɗin makamashi da na ma'aikata.

Kimiyya ta yi nisa wajen tilasta wa bishiya yin danƙo. Farfesa Robert Blanchette na Jami'ar Minesota ya yi aiki da manoman Biyetnam, ya samar da dabarar huda bishiya da sa mata sinadari, aka yi mata rajista a Amurka. A 2013 masu bincike na Sin suka wallafa wata dabarar ɗura ruwan sinadari ta jijiyoyin bishiya don danƙon ya bazu a duk jikinta. Masu tallata jari na kawo waɗannan a matsayin hujja cewa haɗari ya kau. Haɗari ɗaya ya ragu, gaskiya ne, amma wani ya taso a madadinsa. Dabarar da ta sauƙaƙa wa gona ɗaya ta sauƙaƙa wa kowace gona, kuma an shuka miliyoyin bishiyoyi a Indiya da Biyetnam da Tailan da Sin, suna isa girbi kusan lokaci guda. A yankin Diyanbai na lardin Guwandon, manoma sun koyi ɗaura reshen nau'in kinam, wanda shi ne sarkin ud, a kan gindin bishiya ta talakawa, suna girbi cikin 'yan shekaru. Da kayan suka cika kasuwa, farashin na gona ya faɗi, na daji kuwa ya tsaya a samansa.

Ana kuma cewa duniya ta kamu da son ud, ana nuni da turarukan Turai irin su M7 na Yves Saint Laurent da ya fito a 2002, da Oud Wood na Tom Ford a 2007. Sai dai mafi yawan turarukan kanti masu ɗauke da sunan ud an haɗa ƙamshinsu ne da sinadaran masana'anta. Cinikinsu na iya ninkawa ba tare da an ƙara sayen itacen gona daidai da haka ba.

Sannan ga lokaci. Idan tsadar kaya na hawa da kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, wanda ya zuba miliyan ɗaya dole ya karɓi kusan miliyan 2.6 bayan shekara goma kafin a ce ya mayar da uwar kuɗinsa. Idan girbin ya kai shekara goma sha biyar, sai ya haura miliyan 4. A tsawon wannan jira bishiya ba ta ba shi ko sisi, ga tsutsar Heortia vitessoides mai cinye ganye ƙarƙaf, ga ruɓewar saiwa idan ruwa ya kwanta, ga ɓarayin da kan shigo da dare daidai lokacin da danƙo ya nuna. Allurar kanta, idan ta yi yawa, takan kashe bishiyar.

Haɗarin da ya fi tsutsa

Tarihin jarin bishiyoyi ya nuna cewa kamfani kan riga bishiya faɗuwa. A Indiya, kamfanin Anubhav na birnin Cennai ya tara kuɗin dubban mutane da sunan gonakin itacen tik, ya durƙushe a 1998, abin da ya taimaka wajen sa hukumar kasuwar hannun jari ta ƙasar kafa dokokin irin wannan jari a 1999. A Siri Lanka, Touchwood Investments, wanda ke cikin kasuwar hannun jari ta Kolombo, ya sayar da filayen mahogani da sandal, reshensa na Tailan kuma ya sayar da na ud. Hukumar kula da ƙa'idojin akanta ta Siri Lanka ta taɓa ja da Touchwood kan yadda yake ƙiyasta darajar bishiyoyin da ba su isa sara ba, kuma a 2014 kotu ta ba da umarnin rufe shi. A Ostireliya, Quintis mai gonakin sandal ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci a 2018.

Ba sai an yi zargin zamba ba kafin a ga aibin tsarin. Kamfani na karɓar kuɗinsa a rana ta farko, nauyin kula da gona kuwa yana kansa shekara goma. Idan sababbin masu saye suka ragu, kuɗin ban-ruwa da allura da albashin masu gadi sai ya yanke. Bugu da ƙari, sau da yawa kamfanin da ya sayar da bishiyar shi ne mai kula da ita, shi ne mai auna girbi, shi ne mai yanke masa mataki, shi ne kuma mai saye. Mai jari ba shi da bakin tayawa. Ba zai iya ɗauke itacensa ya kai wata ƙasa ba tare da takardar izinin CITES ba, kuma a Tailan doka ta taƙaita mallakar fili ga baƙo, don haka abin da ke hannunsa yarjejeniya ce kawai da kamfanin.

Ga Musulmi mai jari akwai ƙarin abin dubawa. Malaman fiƙihu sun halatta cinikin salam, inda ake biya kafin kaya su samu, bisa sharaɗin a san awo da siffa da ajali. A cinikin bishiyar ud ba a san awon abin da za a girba ba, ba a san matakinsa ba, ajalin ma yakan motsa. Idan kuma aka ce haɗin gwiwa ne na riba da asara, to lamunin riba tsayayya da kamfanoni ke bayarwa ya saɓa wa asalin wannan ciniki.

Abin da ya rage wa mai niyya

Masu goyon bayan wannan jari suna da hujja guda mai nauyi: daji ya kusa ƙarewa, Larabawa da Sinawa da Japanawa ba za su daina turare ba, don haka makomar ud a gona take. Haka ne. Amma wannan ya tabbatar da ɗorewar sana'ar ne, bai tabbatar da farashin da wani zai samu a wata shekara ba.

Batun shuka shi a ƙasar Hausa kuwa, yanayi ya yanke hukunci. Bishiyar tana son ruwan sama daga milimita 1,500 zuwa sama, da laima a iska, da inuwa tana ƙarama. Kano ba ta cika kai milimita 1,000 ba, ga hunturu da bazara masu busar da komai. Irinta ma yana mutuwa cikin 'yan makonni bayan ya faɗo. Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi da ke son shiga harkar ud ya fi kusa da riba a ɓangaren da ya riga ya sani: sayen itace da mai, tantance na gaske daga wanda aka rina ko aka cusa wa nauyi, da haɗa turare, inda kuɗi ke juyawa cikin watanni.

Wanda ya nace sai gona, akwai abubuwan da ya kamata ya gani da idonsa kafin ya sa hannu: takardar mallakar filin da sunan wanda ke kanta, rasidan girbin da aka riga aka sayar da farashin da aka biya a kan kowane mataki, sunan wanda zai auna girbi idan ba ma'aikacin kamfanin ba ne, rajistar gonar da hukumar da ke ba da izinin fitarwa, da abin da yarjejeniya ta tanada idan kamfanin ya rushe a shekara ta biyar. Kamfanin da ya haura shekara goma yana sayar da bishiyoyi ya isa a ce ya yi girbi aƙalla sau ɗaya, kuma rasidan wannan girbi suna cikin ofishinsa.